Me Ke Jawo Abu Ƙasa? Masanan Da Ke Neman Amsa A Ilimin Zafi

A wannan fitowa, sashen kimiyya ya ɗauko tambayar da duk ɗan ajin kimiyya yake ganin ya gama da ita: me ya sa alli idan ya suɓuce daga hannu yake faɗowa ƙasa? A jarrabawa mukan rubuta cewa ƙarfin jan ƙasa ne, wato girabiti, mu ƙara da cewa saurin abin da ke faɗowa yana ƙaruwa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Amsar daidai ce, kuma za a ba ka makinka. Sai dai manyan masanan fiziks har gobe suna gardama a kan asalin shi wannan ƙarfi. Wasu daga cikinsu na ganin cewa girabiti ɗan'uwan zafi ne, kuma duk wanda ke son gane shi sai ya fara gane wani abu da ake kira entirofi. Ku biyo mu sannu a hankali.

Manyan dokoki biyu da suka ƙi jituwa

A shekarar 1687 Isaac Newton na ƙasar Ingila ya fitar da dokar da muke haddacewa: kowane abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, kuma idan nisan da ke tsakaninsu ya ninka biyu, ƙarfin jan zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. A 1915 Albert Einstein ya zo da bayani mafi zurfi. Ya ce sarari da lokaci abu ɗaya ne mai tanƙwaruwa, nauyi ne ke tanƙwara shi, abubuwa kuma suna bin tanƙwarar. An gwada maganarsa ranar 29 ga Mayun 1919 lokacin husufin rana, a tsibirin Firinsife da ke tekun Gini da kuma garin Sobral na Barazil, aka ga rana tana karkata hasken taurari kamar yadda ya lissafa. Yau ma agogunan taurarin ɗan'adam masu nuna mana hanya a waya suna wuce na ƙasa da kusan kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum, kuma da lissafin Einstein ake gyara su.

A ɗaya ɓangaren akwai ilimin kwantam, mai bayanin ƙananan abubuwa irin su atam da ilaktaron da ƙwayar haske. Max Planck ne ya buɗe ƙofarsa a 1900, Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger suka gina shi a 1925 da 1926. A wannan ilimi makamashi yana zuwa ne gutsure-gutsure, kuma ƙwaya ɗaya tana iya zama cikin halin nan da can a lokaci guda, har sai an auna ta. Da shi aka ƙera ƙwaƙwalwar waya da ta kwamfuta.

Kowace doka ta ci jarrabawa a fagenta. Rigimar tana tashi ne idan aka haɗa su. Idan ƙwaya tana nan kuma tana can, a ina za ta tanƙwara sarari? Lissafin Einstein yana buƙatar amsa guda, kwantam kuma ya ƙi bayarwa. Da masana suka gwada yi wa girabiti irin lissafin da ya yi aiki a kan lantarki da maganaɗisu, sai amsoshin suka riƙa tafiya ba iyaka idan makamashi ya yi yawa. A rayuwarmu ta yau da kullum wannan bai dame mu ba. Amma a tsakiyar baƙin rami na sararin samaniya, da kuma a farkon faɗaɗar sararin, abu yana da tsananin nauyi kuma yana da tsananin ƙanƙanta, don haka dole dokokin biyu su yi magana tare.

Mece ce entirofi?

Bajamushe Rudolf Clausius ne ya ƙirƙiro kalmar a 1865, yana nazarin injinan tururi. Ya lura zafi kullum daga mai zafi yake gangarawa zuwa mai sanyi. Shayin da aka ajiye yana hucewa, ba a taɓa ganin ya tsotsi zafin ɗaki ya tafasa da kansa ba. Ya nuna akwai wani adadi da ba ya raguwa a duk abin da aka killace, ya kira shi entirofi. Ya kuma ba da ƙa'idar auna shi: zafin da ya shiga abu daidai yake da ma'aunin zafin abin sau ƙarin entirofin da aka samu. Ku riƙe wannan ƙa'ida, za mu dawo gare ta.

A 1877 Ludwig Boltzmann na Ostiriya ya gano ma'anar abin. Entirofi ƙidaya ce. Tana gaya mana hanyoyi nawa ƙananan ɓangarorin abu za su iya jeruwa ba tare da kamanninsa na waje sun canza ba. Ɗauki kwabbai huɗu ka watsa. Akwai hanyoyi 16 da za su iya faɗuwa. Hanya ɗaya tak ce za ta ba ka fuska huɗu, amma hanyoyi 6 za su ba ka fuska biyu da baya biyu. Idan kwabban sun kai 100, hanyoyin sun haura 1 mai sifili 30 a bayansa, kuma mafi yawansu suna kusa da rabi da rabi. Shi ya sa idan ka zuba gero a kan dawa cikin ƙwarya ka girgiza, za su cakuɗe. Babu hannun da ke tura su su cakuɗe. Hanyoyin cakuɗewa ne suka fi na warewa yawa nesa ba kusa ba.

A 1948 Claude Shannon na Amurka ya nuna cewa irin wannan lissafin ne ke auna yawan bayani a cikin saƙo. Daga nan aka fahimci entirofi a matsayin yawan bayanin da ya ɓoye mana game da cikin abu.

Darasin da ke nan shi ne, wasu abubuwan da muke aunawa ba sa samuwa sai a taro. Giram 18 na ruwa yana ɗauke da ƙwayoyi kusan 6 mai sifili 23. Ƙwaya ɗaya daga ciki ba ta da zafi ko sanyi, motsi kawai take yi. Zafi sunan da muka ba motsin taronsu ne. Haka matsin iska a cikin tayar keke.

Ƙarfin da entirofi ke haifarwa

Ga gwajin da kowa zai iya yi. Samu robar ɗaure kuɗi, ka ja ta da sauri ka taɓa ta a leɓenka, za ka ji ta yi ɗumi. Ka riƙe ta a miƙe ɗan lokaci, sannan ka sassauta ta ka sake taɓawa, za ka ji sanyi. Roba an yi ta ne da dogayen ƙwayoyi masu kama da zare. Zare yana da hanyoyi masu ɗimbin yawa na zama a cukurkuɗe, amma hanyoyin zamansa a miƙe kaɗan ne. Zafi yana girgiza zarurrukan ba hutu, don haka suna komawa ga cukurkuɗewa, kai kuma ka ji robar tana jan yatsunka. Idan ka rataya mata nauyi ta miƙe sosai, ka hura mata iska mai zafi, gajarcewa za ta yi ta ɗaga nauyin, alhali wayar ƙarfe tsawo take ƙarawa idan ta ji zafi. Irin wannan ja shi ake kira ƙarfin entirofi. Ja ne na gaske, ana auna shi, amma tushensa ƙidayar hanyoyi ce.

Tambayar ita ce, shin girabiti ma haka yake?

Baƙin rami ya tona asiri

Baƙin rami wuri ne da nauyi ya dunƙule har ko haske ba ya iya fita daga cikinsa. Yana da iyaka zagaye da shi, wadda duk abin da ya tsallake ta ba ya dawowa. Da za a matse rana ta zama baƙin rami, daga tsakiyarta zuwa wannan iyaka kilomita 3 ne kacal. A 2019 aka fitar da hoton farko na inuwar irin wannan rami, wanda ke tsakiyar taron taurari mai suna M87, mai nauyin rana biliyan 6.5.

A 1971 Stephen Hawking ya nuna da lissafin Einstein cewa faɗin fuskar wannan iyaka ba ya raguwa. Ko ramuka biyu sun haɗe, fuskar sabon ba za ta gaza jimlar na biyun ba. Wani ɗalibin digirin digirgir a jami'ar Princeton, Jacob Bekenstein, ya ga abin ya yi kama da dokar Clausius. Ya kuma ga wata matsala: idan aka jefa kofin shayi mai zafi cikin ramin, entirofin shayin ta ɓace daga duniya ke nan, an karya doka? A 1972 ya ce a'a, ramin kansa yana da entirofi, kuma faɗin fuskarsa ne ma'auninta. Shayin ya shiga, fuskar ta ƙaru, lissafi ya cika.

Hawking da farko bai yarda ba, domin duk abin da ke da entirofi dole ya kasance da zafi, mai zafi kuma dole ya fitar da haske, baƙin rami kuwa an san ba ya fitar da komai. Amma a 1974, da ya sa dokokin kwantam a lissafin abin da ke faruwa a gefen ramin, sai ya tarar ramin yana fitar da ɗan tururin haske. Ramin da ya kai nauyin rana zafinsa kusan kashi 6 cikin miliyan 100 na digiri ɗaya ne a saman sanyi na ƙarshe, shi ya sa har yanzu ba na'urar da ta hango wannan haske. Lissafin ya kuma ba da adadin entirofin daidai. A yanka fuskar ramin zuwa 'yan murabba'ai masu tsawon Planck, wato mita 1.6 da aka raba da 1 mai sifili 35, a ƙirga su, a raba da huɗu. Na ramin mai nauyin rana ya kai 1 mai sifili 77. A wannan ƙa'ida guda, adadin Newton na girabiti da adadin Planck na kwantam da saurin haske da adadin Boltzmann na zafi duk sun zauna a tabarma ɗaya.

Maganar faɗin fuska an gwada ta. Ranar 14 ga Satumban 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka ji girgizar sarari daga haɗewar ramuka biyu, ɗaya mai nauyin rana kusan 36, ɗaya 29, suka zama guda mai 62. Faɗin fuska yana tafiya ne da nauyi sau kansa. To lissafa: 36 sau 36 a tara da 29 sau 29 ya ba da 2,137, amma 62 sau 62 ya ba da 3,844. Jujjuyawar sabon ramin tana rage wannan adadi kaɗan, duk da haka ya fi na farko. Nauyi ya ragu da rana uku, fuska kuwa ta ƙaru.

Abin mamaki a nan shi ne, mun saba yawan abin da ɗaki ke ɗauka ya danganta da girman cikinsa. A baƙin rami kuwa bayanin yana tafiya ne da faɗin bango. Daga nan Gerard 't Hooft na Holan a 1993 da Leonard Susskind na Amurka a 1995 suka kawo ra'ayin cewa duk abin da ke cikin wani yanki na sarari ana iya rubuta bayaninsa kaf a jikin iyakarsa. A 1997 Juan Maldacena ɗan Ajantina ya samo misali na lissafi inda hakan ya yi aiki, ko da yake sararin misalin nasa ya bambanta da namu.

Daga zafi zuwa dokar Einstein

Akwai guntun bayani ɗaya da ya rage. A 1976 William Unruh na Kanada ya lissafa cewa wanda saurinsa ke ta ƙaruwa a cikin sararin da babu komai zai ji ɗumi, kuma ɗumin yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar saurin. Ɗumin ƙanƙane ne ƙwarai: kafin a samu digiri ɗaya sai ƙarin saurin ya haura mita 2 mai sifili 20 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Irin wannan matafiyi kuma yana da tasa iyakar a bayansa, domin akwai hasken da ba zai taɓa cim masa ba.

A 1995 Ted Jacobson na jami'ar Maryland ya harhaɗa waɗannan. Ya ce mu ɗauka a kowane wuri a sarari akwai irin wannan iyaka. Entirofinta faɗinta ne, kamar yadda Bekenstein ya ce. Ma'aunin zafinta na Unruh ne. Makamashin da ya ratsa ta shi ne zafin da ya shiga. Sai ya tilasta wa ukun su bi ƙa'idar Clausius a ko'ina. Domin ƙa'idar ta cika, dole faɗin iyakar ya canza idan makamashi ya wuce, canjin faɗi kuma yana nufin sarari ya tanƙware. Da ya bi lissafin zuwa ƙarshe, dokar Einstein ce ta fito cif.

Idan haka ne, dokar Einstein ajinta ɗaya da dokar Boyle da ta Charles da muke karantawa a kan iskar gas: bayanin taro ne, a ƙarƙashinsa akwai ƙananan abubuwa. Wataƙila shi ya sa aka sha wuya wajen sa ta cikin kwantam, domin su ƙananan abubuwan ya kamata a nema. Thanu Padmanabhan na Indiya ya shafe shekaru yana faɗaɗa wannan hanya har rasuwarsa a 2021.

A 2010 Erik Verlinde na jami'ar Amsterdam ya fito fili ya ce girabiti ƙarfin entirofi ne kamar jan roba. A ganinsa, idan abu mai nauyi ya matsa kusa da wani, entirofin da ke jikin iyakar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa, don haka abin yake matsawa. Da wannan ya fito da dokar Newton ta jan nauyi. A 2016 ya ƙara gaba. Tun shekarun 1970 Vera Rubin ta nuna cewa taurarin da ke gefen manyan tarukan taurari suna gudu fiye da yadda nauyin da ake gani zai iya riƙe su. Yawancin masana sun ce akwai wani ɓoyayyen abu mai nauyi da ba ya haske, wanda ya ninka abin da muke gani kusan sau biyar. An haƙa ɗakunan gwaji a ƙarƙashin duwatsu ana nemansa, har yau ba a kama ƙwayarsa ba. Verlinde ya ce ƙarin jan daga entirofin sarari yake fitowa, ba a buƙatar ɓoyayyen abu. Wata tawaga ƙarƙashin Margot Brouwer ta auna yadda tarukan taurari fiye da 33,000 ke karkata haske, ta ga sakamakon ya yi daidai da hasashensa.

A 2025 kuma Ginestra Bianconi ta jami'ar Queen Mary da ke Landan ta kawo wata hanya. Ta ɗauki siffar sarari da siffar da abubuwan cikinsa ke neman ɗora masa, ta auna bambancinsu da wata entirofi ta kwantam, ta ce daga wannan bambanci girabiti ke tasowa. Inda makamashi da tanƙwara ba su da yawa, lissafinta yana komawa na Einstein.

Abin da masu suka ke cewa

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma wannan miya da saura. Suka ta farko ita ce masu wannan ra'ayi suna fito da dokokin da aka riga aka sani ne, daga ƙa'idojin da su kansu daga girabiti aka samo su, kamar mai ciro kuɗin da shi ya sa a aljihu. Ta biyu, abin da entirofi ke turawa hanya ɗaya yake bi, shayi ba ya komawa ya yi zafi, amma duniya tana zagaya rana shekara da shekaru ba tare da ta gaji ba. Ta uku daga ɗakin gwaji ta fito. A 2002 a garin Grenoble na Faransa an sa ƙwayoyin niyutiron masu tsananin sanyi suna tsalle a kan madubi, aka ga jan ƙasa ya jera su hawa-hawa kamar yadda kwantam ya ce. Archil Kobakhidze ya yi hujja da wannan, ya ce da girabiti hayaniyar zafi ce da ta wargaza wannan jeri. Wasu masana sun mayar masa da martani, gardamar ba ta mutu ba. Ta huɗu, lissafin Verlinde na 2016 yana gazawa a manyan gungun tarukan taurari, kuma bai bayyana zanen tsohon hasken da ya cika sararin samaniya ba, wanda ra'ayin ɓoyayyen abu ya bayyana da kyau. Sannan har yanzu babu wanda ya nuna mene ne su ƙananan abubuwan da ake ƙirgawa.

Gwaji ne zai raba gardama. A 2017 tawagar Sougato Bose, da kuma Chiara Marletto tare da Vlatko Vedral, suka ba da shawarar a ɗauki 'yan ƙananan abubuwa biyu, a sa kowanne cikin halin nan da can, a killace su yadda babu abin da ke haɗa su sai jan nauyi. Idan halayensu suka sarƙe irin sarƙewar kwantam, to girabiti na iya ɗaukar saƙon kwantam, kuma duk bayanin da ya mai da shi hayaniyar zafi zalla zai shiga matsala. Gwajin yana da wuya ƙwarai, ba a kai ga yin sa ba tukuna.

Abin da za mu riƙe

Idan kun ci karo da labarin da ke cewa an rushe Einstein ko an gano girabiti ƙarya ne, ku yi masa tambaya uku. Sabon ra'ayin ya dawo da duk abin da tsohon ya ci nasara a kai? Ya yi hasashen wani abu da tsohon bai yi ba? An auna? Zuwa yau, alaƙar girabiti da zafi a baƙin rami abu ne da kusan duk masanan fannin suka karɓa. Cewa girabiti kacokan daga entirofi ya fito kuwa shawara ce da ke jiran hujja. Ko da ta tabbata, wanda ya faɗo daga bishiyar mangwaro zai ji jiki kamar da, kamar yadda sanin cewa zafi motsin ƙwayoyi ne bai hana wuta ƙuna ba.

Ku kuma lura cewa Bekenstein yana ɗalibi ya kawo ra'ayin da manya suka fara ƙi, kuma makaminsa dokar zafi ce irin wadda ke cikin manhajarmu. Saboda haka kada a raina babin zafi da na lissafin yiwuwa. Wanda ya yi gwajin roba ya rubuto mana abin da ya gani, ya miƙa wa wakilin ƙungiya na ajinsa, za mu liƙa mafi kyawun bayani a allo. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.